Gasar coci-coci da tsadar rayuwa a Legas: ina bishara ta tsaya?

Shin cocin da ke fafutukar haɗa kuɗin haya, ga mambobi suna tattarawa suna komawa Arewa, ga wani sabon coci an buɗe a bayan layi yana jan matasansa, zai iya riƙe aikin da aka kafa shi dominsa? Kuma idan aka ga mutum yana wa'azi don suna, ko don ya ƙuntata wa wani fasto, shiru za a yi masa ko magana? Tambayoyin da ke yawo ke nan tsakanin Kiristoci masu jin Hausa a Legas, daga Agege da Mile 12 har Ojo da Ajah, a zaurukan WhatsApp na zumunta da kuma hirar bakin ƙofa bayan an tashi sujada. Da gardama ta yi zafi, sai wani ya jefo Filibiyawa 1:18, inda Bulus ya ce ko da gaskiya ko da riya, muddin ana shelar Almasihu, shi dai murna yake yi. Wasu sun mai da ayar murfin rufe kowace ɓarna. Wasu kuma sun gaji da jin ta, har suna zargin duk wanda ya karanto ta da neman kare fastonsa. Dukansu sun ɗora wa ayar kayan da ba nata ba.

Me ake nufi da bishara, me ake nufi da gasa?

Bulus da kansa ya taƙaita bishara a 1 Korintiyawa 15:3-4: Almasihu ya mutu domin zunubanmu kamar yadda Nassi ya faɗa, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. A kan wannan ake kiran mutum ya tuba ya ba da gaskiya. Gini, kayan kiɗa, ankon zumuntar mata, bikin godiya, motar fasto, duk suna iya yi wa bishara hidima, amma ko an kwashe su gaba ɗaya saƙon yana nan.

Mai da hankali ga bishara kuwa abu ne da ake gani da ido, a wurare uku: abin da ake faɗa a kan mumbari, abin da ake kashe kuɗi a kansa, da abin da ke cinye lokacin taron dattawa. Cocin da ya rubuta "Ku tafi cikin duniya duka" a bango, amma taron dattawansa na awa huɗu ya ƙare a kan wanda zai zauna a kujerar gaba ranar biki, ya riga ya nuna inda hankalinsa yake.

Gasa kuma dabam take da saɓanin koyarwa. A saɓanin koyarwa, mutane biyu sun bambanta kan abin da yake gaskiya. A gasa, abu ɗaya suke koyarwa, amma kowa na so a ce a wurinsa aka ji. Yawancin rikicin da ake gani a Legas gasa ce da aka sa wa rigar koyarwa, domin ba mai son ya fito fili ya ce kuɗin haya ne ke damunsa.

Abin da Bulus ya ce, da abin da bai ce ba

Filibi gari ne a Makidoniya, a arewacin ƙasar Girka ta yau. Ayyukan Manzanni sura 16 ta ba da labarin kafuwar ikkilisiyar: Lidiya mai sayar da tufafin shunayya, sai mai gadin kurkuku da iyalinsa. Bulus ya rubuta musu wasiƙar yana ɗaure. Yawancin masana sun ce daga Roma ne, wajen shekara ta 60 zuwa 62, wasu kuma sun fi karkata ga Afisa. Idan Roma ce, to Ayyukan Manzanni 28 ta nuna soja ne ke tsaronsa, kuma shekara biyu cur ya yi a gidan haya. Mutanen Filibi ne suka aiko masa da gudummawa ta hannun Abafaroditus, wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a wannan hidima. Wato marubucin ya san ɗauri, ya san haya, ya san jiran taimakon 'yan'uwa.

Ya ce ɗaurinsa ya ciyar da bishara gaba ta hanya biyu: dukan masu gadin fada sun san saboda Almasihu aka ɗaure shi, 'yan'uwa kuma sun ƙara ƙarfin hali. Daga nan ya zo kan abokan gasarsa. A lura, bai ɓoye halinsu ba. Ya ce hassada ce da husuma da sonkai ke tura su, kuma so suke su ƙara masa azaba yana cikin sarƙa. Mutumin da ya rubuta haka a wasiƙar da za a karanta a gaban jama'a ba za a ce ya yi shiru ba. Abin da ya ƙi yi shi ne ya mai da kansa abin magana. Saƙonsu Almasihu ne, cutarwar kuma a kansa take, don haka ya bar ta ta wuce.

A duba yadda ya yi da wasu matsalolin. A Galatiyawa 1:8-9, inda aka canja saƙon kansa, ya ce ko mala'ika ne daga sama ya kawo wata bishara dabam, la'ananne ne. A cikin wasiƙar Filibiyawan ma, sura 3, ya yi kaca-kaca da masu tilasta kaciya. A 1 Korintiyawa 5, inda wani ke zaune da matar mahaifinsa, ya ce a fitar da shi daga cikinsu. A Filibiyawa 4:2-3 kuwa, inda mata biyu masu aikin bishara, Afodiya da Sintiki, suka saɓa, ya kira sunayensu, ya roƙe su su daidaita, ya kuma sa wani ya shiga tsakani. Mutum ɗaya ne, amma kowace matsala da irin maganinta. Wanda ya ɗauki 1:18 ya rufe satar kuɗin coci ko lalata da 'yan mata ya ba da maganin wata cuta dabam.

Daga ina gasar ta taso?

Tushenta ya girme wa duk fastocin da ke aiki a yau. A Disambar 1893 'yan mishan uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a nan Legas da nufin shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Gowans da Kent sun rasu a 1894. Sai a 1902 mishan ɗinsu, wanda aka sani da SIM, ya samu zama a Patigi, daga aikinsa kuma ɗarikar ECWA ta fito a 1954. Wata ƙungiyar mishan mai suna SUM ta fara a Wase a 1904, rassanta suka haifi COCIN a Filato, da cocin Lutheran na Numan, da CRCN na yankin Takum, da wasunsu. 'Yan mishan na Brethren suka fara a Garkida a 1923, daga nan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ta samo asali.

Mishanonin sun raba ƙasa a tsakaninsu don kada su taka juna. Dabara ce mai kyau a lokacinta, amma ta bar gado: ɗarika ta zama kusan ɗaya da gari da ƙabila. Idan mutum ya ce shi ɗan EYN ne, ka ƙiyasta daga Borno ko Adamawa ya fito. Idan ya ce COCIN, hankalinka ya tafi Filato ko kudancin Bauchi. A ƙauye ba a jin gasar sosai, tunda sau da yawa coci ɗaya ne a garin.

Legas ta rushe wannan iyaka. Soja da ɗan sanda a bariki, maigadi a Lekki, ɗan acaɓa, mai kayan gwari a Mile 12, birkila, 'yar aikin gida, ma'aikacin banki, duk sun sauka a unguwanni ɗaya. Rikicin Boko Haram ya ƙaro wasu, musamman a 2014, shekarar da aka mamaye Gwoza da Madagali da Michika, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannun maharan a watan Oktoba. Kowace ɗarika ta biyo 'ya'yanta ta buɗe reshe. Yau sai ka tarar da coci huɗu ko biyar na Hausa a yanki ɗaya, Littafi Mai Tsarki ɗaya, waƙoƙi kusan ɗaya, koyarwa kusan ɗaya, mutanen da ake nema kuma su ne dai waɗannan 'yan ƙalilan ɗin, waɗanda yau suna nan gobe an yi musu canjin wurin aiki. A irin wannan yanayi, ƙaruwar wani coci sau da yawa raguwar maƙwabcinsa ce.

Ga kuma manyan majami'un Fentikos masu sansani a hanyar Legas zuwa Ibadan da Ota. Majami'ar Redeemed (RCCG) ma ta daɗe da bayyana burinta na kafa coci a duk tazarar tafiyar minti biyar da ƙafa. Yaran da aka haifa a Legas sun fi sakewa da Ingilishi da Burokin, wasu har da Yarabanci, don haka sujadar Hausa ta awa uku ba ta riƙe su. Daga sama kuma akwai wani matsin: a yawancin ɗarikun, ɗaga reshe ya zama cikakken coci mai majalisarsa, da kason da zai riƙa aikawa gunduma, suna da alaƙa da yawan mambobi da kuɗin shiga. Fasto ya san da alƙaluma za a auna shi.

Yadda tsadar rayuwa ke hura wutar

Tun kafin a cire tallafin man fetur, hana acaɓa ya taɓa aljihun waɗannan coci-coci. Daga 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta haramta shi kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. A Satumbar shekarar aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Matasa da dama da ke cika ƙungiyar mawaƙa da ta matasa da wannan sana'a suke ci. Sai cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023, sai sakin farashin naira a watan da ya biyo, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024.

Bari mu yi lissafi na misali, kowa ya sa alƙaluman cocinsa. A ce manya 50 ne ke samun zuwa kowace Lahadi, tunda masu gadi da 'yan aikin gida ba kullum ake sakinsu ba. A ce kowa na ba da baikon naira 500. Naira 25,000 ke nan a mako, miliyan 1.3 a shekara. A ce zakka ta kawo kwatankwacin haka, jimilla miliyan 2.6. To a cire hayar ɗakin sujada miliyan 1. A cire fetur na janareta, lita 10 a mako a kan naira 900, ya kama 468,000. A biya fasto mafi ƙarancin albashin da jihar Legas ta sanar a 2024, naira 85,000 a wata, miliyan 1.02 ke nan. Abin da ya saura naira 112,000 ne, ba a aika kason gunduma ba, ba a duba marar lafiya ba, ba a kai gawa gida ba, wanda shi kaɗai yana iya cinye fiye da hakan. Yanzu a ce mutum 10 cikin 50 ɗin sun koma cocin bayan layi. Kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shiga ya tafi, naira 520,000, haya kuwa ba ta ragu da ko kwabo ba. Wanda ya fahimci wannan lissafi ba zai yi mamakin fasto mai tsoron Allah ya wayi gari yana kallon ɗan'uwansa fasto a matsayin barazana ba.

Daga nan abubuwa ke lalacewa a hankali, ba tare da kowa ya yi niyya ba. Sanarwa ta fi wa'azi tsawo. Kwanon baiko ya zaga sau uku ko huɗu a sujada ɗaya. Kowane nassi, ko na gicciye ne, sai an karkato da shi ya sauka a kan bayarwa. Mai kuɗi ya zama dattijo ba tare da an auna shi da 1 Timoti sura 3 ba, abin da Yaƙub 2:1-4 ya yi kashedi a kansa. Talaka kuma, wanda ba shi da abin sakawa a zagaye na uku, sai ya fara zama a gida don kunya, a rubuta shi cikin masu ja da baya. Mafi muni shi ne koyarwar da ke biyo baya, cewa cocin da ba shi da kuɗi ba shi da albarka. Ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yaba a 2 Korintiyawa 8:1-2, waɗanda Filibi na cikinsu, ya ce cikin matsanancin talauci suke.

Ɓangarorin da ke jayayya

Akwai masu cewa a yi shiru a bar wa Allah, suna kafa hujja da Zabura 105:15, kada a taɓa shafaffu. Suna da gaskiya a abu ɗaya: tonon silili a Facebook ba ya gyara coci, kuma maƙwabtanmu Musulmi na Agege da Idi-Araba, waɗanda muke harshe ɗaya da su, suna karantawa. Amma zaburar tana magana ne kan yadda Allah ya kare su Ibrahim da zuriyarsu daga sarakunan ƙasashen da suka yi baƙunci, ba ta hana dattawa tambayar fasto lissafin kuɗi ba.

Akwai masu fallasa, yawanci matasa, masu cewa shirun ne ya kawo mu nan. Su ma da gaskiyarsu, domin an sha rufe ɓarna da sunan kare mutuncin coci, a yi wa mai laifi canjin wurin aiki ya je ya maimaita. Matsalarsu ita ce ba sa bambancewa. Bidiyon daƙiƙa talatin da aka yanko daga wa'azin awa ɗaya ya ishe su yanke hukunci.

Akwai kuma masu ganin a haɗe duk coci-cocin Hausa na unguwa su zama ɗaya. A lissafin kuɗi wannan ya fi komai ma'ana, amma kadarori da tsarin mulki na hannun hedkwatoci a Jos da Kwarhi da Numan da Kaduna, ba reshen Legas ne zai yanke ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne aiki tare ba tare da haɗewa ba, kuma akwai tarihinsa: TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, tun 1955, CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, tun 1976, da ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa wadda tun shekarun 1960 take haɗa 'yan ɗariku dabam-dabam su fita wa'azi tare.

Yadda dattawa za su tantance rigima

Kafin a kira taro, a amsa tambaya ɗaya: wannan magana ta saƙo ce, ta hali ce, ko ta mutuncinmu ce kawai?

Idan ta saƙo ce, a nemo wa'azin gaba ɗaya a saurara, a rubuta ainihin kalmomin, a gwada su da Nassi da kundin bangaskiyar ɗarika. Wanda ya ce sai ka ba da wani adadin kuɗi kafin Allah ya gafarta maka, ko ruwa da man da yake sayarwa ne ke ceto, ya taɓa saƙon. Wanda ya bambanta da ku a tsawon sujada, ko kiɗa, ko ɗaurin ɗankwali, bai taɓa ba. Idan an tabbata saƙon aka taɓa, a koyar da gaskiya a fili daga mumbari. Ba dole ba ne a kira suna kowane mako.

Idan ta hali ce, hanyar Matiyu 18:15-17 a bayyane take: kai da shi, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. Ƙara a kan shugaba kuwa, 1 Timoti 5:19 ta ce sai da shaidu biyu ko uku, aya ta gaba kuma ta ce wanda aka samu da laifi a tsauta masa a gaban kowa. Mutane sun fi son rabin farko su bar na biyu. Abin da ya zama laifi a dokar ƙasa, kamar fyaɗe ko cin zarafin yaro, na hukuma ne. Horon coci ba ya maye gurbin 'yan sanda.

Idan kuwa an bincika aka ga saƙonsa daidai ne, ba a kama shi da ɓarna ba, kawai dai yana yi mana habaici kuma mutanenmu na zuwa wurinsa, to nan ne gidan Filibiyawa 1:18. A bar shi. Kada a mayar da martani daga mumbari, domin mutumin da ya biya kuɗin mota daga Ikorodu bai zo jin amsar habaici ba. Haka Yesu ya yi a Markus 9:38-40 da almajirai suka hana wani fitar da aljanu da sunansa don kawai ba ya cikin ayarinsu: ya ce kada su hana shi.

Kuɗi da jadawali

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a coci tsagar kusan kullum a wajen kuɗi take. Mutum uku su ƙirga baiko, waɗanda ba dangin juna ba ne, a riƙa sauya su. A rubuta adadin a littafi, su sa hannu kafin kowa ya bar ɗakin, a kai banki ranar Litinin. Asusu ya kasance da sunan coci, masu sa hannu uku, ba a cire kuɗi sai biyu sun amince. Yanzu da mutane ke turo baiko ta waya, babban kuskure shi ne ba da lambar asusun ma'aji ko ta fasto "na ɗan lokaci". Ko mutumin waliyyi ne, ranar da aka saɓa da shi ba shi da hanyar wanke kansa. A karanta rahoton kuɗi ga jama'a duk wata uku. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai tafi shi kaɗai ba, ya ce don kada a samu abin zargi (2 Korintiyawa 8:20-21).

Haya a raba ta gida 12 a riƙa ware wa kowane wata, kada a jira saura mako uku a tayar da taron tara kuɗi na gaggawa, domin a irin wannan gaggawa ne ake sayar wa mai kuɗi kujera. Kason bishara a cire shi tun farko, ko da kashi 5 ne cikin 100. Idan aka ce sai abin da ya saura, lissafin da muka yi a sama ya nuna ba abin da ke saura.

Taimakon mambobi shi ne inda ƙabilanci ya fi saurin ɓullowa. A rubuta ƙa'ida: nawa ake bayarwa a haihuwa, a kwanciya asibiti, a rasuwa, kuma wa ya cancanta. Da aka yi gunaguni a Ayyukan Manzanni 6 cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci, mutum bakwai ɗin da aka zaɓa duk sunayen Helenawa gare su. Wato ɓangaren da ya yi kuka shi aka damƙa wa rabon. Cocin da ƙabila ɗaya ta fi yawa a cikinsa zai yi kyau ya sa 'yan tsiraru a kwamitin taimako.

Jadawali ma yana bukatar a duba shi da idon Legas. Maigadin da ke aiki ranar Lahadi ba mai ja da baya ba ne. A yi gajeriyar sujada da sassafe ko da yamma, a kuma tsara masu ziyara su riƙa samunsa a bakin get da Littafi da addu'a ta minti goma sha biyar. A sa wa sanarwa iyakar minti goma, sauran a tura ta WhatsApp. Yara kuma a buɗe musu aji ko sujada da Ingilishi a cikin cocin, kafin wani ya buɗe musu a waje.

Buɗe reshe da karɓar mamban wani

Bulus ya ce burinsa shi ne ya yi wa'azi inda ba a san Almasihu ba, kada ya yi gini a kan harsashin wani (Romawa 15:20). A aikace, kafin a kama ɗaki a sabuwar unguwa, a je a gaida fastocin Hausa da ke wurin, a tambayi inda ba a kai ba. Wuraren da sababbin zuwa ke sauka, kamar wajen Ibeju-Lekki da Epe da Badagry, sun fi bukatar reshe fiye da layin da ya riga ya cika.

Wanda ya zo daga wani coci a nemi takardar shaida daga inda ya fito, a kuma kira fastonsa a waya. Ba don a tsare kowa ba ne, mutum yana da 'yancin zaɓar inda zai yi sujada. Dalilin shi ne wanda aka sa a horo a can kan gudo nan, a karɓe shi da tafi a ba shi makirfo, bayan wata shida ya maimaita abin da ya yi. A rahoton shekara kuma a raba gida biyu: waɗanda suka tuba aka yi musu baftisma, da waɗanda suka sauya coci. Idan gida na biyu ne kaɗai ke cika shekara da shekaru, mutane ne kawai ake juyawa tsakanin ɗakuna.

Sai batun lasifika. Coci biyu da ke fuskantar juna sukan shiga gasar ƙara, kowa ya juya lasifikarsa waje. Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, na rufe wuraren ibada saboda hayaniya, kuma mai gida na iya ƙin sabunta haya. A juyo da ita ciki.

Idan rabuwa ta zama dole

Wani lokaci sulhu ba ya yiwuwa nan take. Bulus da Barnaba sun rabu a kan Markus, kowa ya kama hanyarsa da aikinsa (Ayyukan Manzanni 15:36-41), daga baya Bulus ya rubuta cewa Markus na da amfani a gare shi. Abin gudu shi ne kotu. Rikicin shugabancin Assemblies of God a Nijeriya da ya ɓarke a 2014 sai da ya kai Kotun Ƙoli a 2017, kuma baikon talakawa ne ke biyan lauyoyi a irin wannan shari'a, ga kuma 1 Korintiyawa 6:1-8 da ta hana.

Mamba na ƙasa ya kamata ya san abin da zai rasa kafin ya bi ayarin masu ɓallewa. Fili da gini da asusu suna hannun amintattun da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, a yawancin ɗarikun kuma amintattun na hedkwata ne, don haka ko ku ne kuka tara kuɗin bulo ba za ku tafi da ginin ba. Takardar aure ta doka sai wurin ibadar da gwamnati ta ba lasisi ke bayarwa, sabon ɗakin haya ba shi da ita, sai dai ma'aurata su je rajista irin ta Ikoyi ko ta ƙaramar hukuma. Kuɗin da ka daɗe kana zubawa a asusun taimako ma yana iya tsayawa a can.

Don haka idan za a rabu, a gayyato wakilin gunduma da wani fasto na wata ɗarika su zama shaidu. A rubuta kayan coci ɗaya bayan ɗaya, daga janareta har kujeru. A bar littafin rajistar baftisma da na aure a inda suke, a ba kowane mamba kwafin takardarsa. A yi yarjejeniya a rubuce kan sauran watannin haya da kuma asusun taimako, musamman haƙƙin gwauraye da marayun da ake tallafa wa, a fayyace ɓangaren da zai ci gaba da ɗaukar kowannensu da sunansa kafin ranar Lahadin farko da za a yi sujada a wurare biyu.